Na gwada ExifTool a kan hotunan gonar Baffa

Jama'a wannan manhaja ExifTool, mai karanto bayanan da ke cikin hoto irin ranar da aka ɗauke shi, yau wata uku kenan ina amfani da ita, na ce bari in faɗi yadda na same ta. Ni shagon cajin waya da turi gare ni a ƙauyenmu can bayan Ringim, da 'yar tsohuwar kwamfuta ɗaya. Baffana ne ya zo da memori cike da hotunan gonarsa ta shinkafa, yana so a ware masa na ambaliyar 2022 daban, saboda a ƙungiyarsu ta manoma an ce kowa ya kawo shaida da kwanan wata. Ya ce "ɗan nan duba min, kai ne ka san kan na'urar". Na ce Baffa ai aikin minti biyar ne.

Wallahi sai da na kwana biyu. Ina kwafe hotunan zuwa kwamfuta sai duk suka nuna ranar da na kwafa a matsayin ranar ƙirƙira, haka Windows yake yi, ita kuma ranar gyara ta ƙarshe ta riga ta hargitse don an sha tura su daga waya zuwa waya. Na rubuta 'yan layuka a yaren kwamfuta na Python da umarnin os.path.getmtime mai faɗin lokacin da aka gyara fayil na ƙarshe, ya ba ni wata doguwar lamba, ashe daƙiƙoƙi ne yake ƙirgawa tun daga 1 ga Janairu 1970, kuma da agogon duniya na UTC wanda namu na Najeriya ya riga shi da awa ɗaya. Na koma wani umarnin mai suna getctime nan ma wani rikicin, a Windows lokacin ƙirƙira yake bayarwa, a Linux kuma, wani tsarin kwamfuta irin Windows, lokacin da aka taɓa bayanan fayil ɗin na ƙarshe ne. Duk dai labarin fayil suke ba ka, babu ruwansu da ranar da Baffa ya tsaya a bakin gona ya danna waya.

To nan ExifTool ta burge ni. Ita cikin hoton take shiga ta karanto abin da kyamara ta rubuta da kanta lokacin ɗauka. Na buga exiftool -DateTimeOriginal da sunan folda, sai ga ranaku sun jero har da awa da minti, Satumba 2022 rututu. Kyauta ce, wani ɗan Kanada Phil Harvey ya fitar da ita tun 2003, ba ta da nauyi kuma in ka sauke ta ba ka ƙara buƙatar data, wanda a nan da sabis ke zuwa yana ɗaukewa ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai fa babu maɓallan dannawa, baƙin allo ne kawai kana rubuta umarni, wanda bai saba ba zai sha wuya kwanan farko. Sannan hoton da ya bi ta WhatsApp an riga an goge masa waɗannan bayanan, sai dai ka dogara da sunan fayil ɗin irin IMG-20220914-WA0003, shi ma ranar da ya shigo wayar ce. Akwai kuma guda goma sha wani abu da suka nuna 2015 saboda tsohuwar wayar Baffa in an cire batir agogonta komawa baya yake yi. Waɗannan sai zama muka yi da shi bayan la'asar yana kallo ɗaya bayan ɗaya, yana cewa wannan ranar da ruwa ya kai gindin tsamiya ne, ni kuma ina rubutawa a takarda.