Manhajar Meeting Guide: yadda na samu taron masu barin giya ban tambayi kowa ba

Da na yanke shawarar barin giya, abin da ya fara tsaya mini a wuya shi ne wa zan tunkara da maganar. A Bronx nake zaune, cikin birnin New York, kuma Hausawan nan, na Gana da na Nijar da na Najeriya, duk mun san juna. Masallaci ne ke haɗa mu, da suna da ɗaurin aure. Maganar da aka yi bayan Juma'a, kafin isha'i ta isa gida ta WhatsApp. Shekara shida ina sha a ɓoye, matata kaɗai ta sani, ita ma tana rufa mini asiri tana kuka.

Likitar da ta duba hantata ce ta ce in sauke Meeting Guide. Manhaja ce ta Alcoholics Anonymous, ƙungiyar mashaya masu taimakon juna su bar giya, wadda aka fi sani da AA, alamarta farar kujera a kan shuɗi. Kyauta ce, ba ta neman sunanka, ba sai ka buɗe asusu ba. Wannan kaɗai ya kwantar mini da hankali. Kana buɗewa sai ta jero maka tarukan da ke kusa da kai, da lokacin farawa da adireshi da tazarar da ke tsakaninku. Kana iya tacewa: na maza zalla, na mata zalla, na sababbin shiga, ko wanda ake yi ta intanet. Tana kuma nuna ko taron buɗaɗɗe ne, wanda kowa zai iya zuwa har iyalinka, ko rufaffe, na masu son barin sha kawai. Ni da nake aikin dare, na samu na ƙarfe bakwai na safe, daidai lokacin da na saba tsayawa sayen kwalba a hanyar gida.

Da gangan na zaɓi unguwa mai nisa da tamu. Da na isa sai na tarar ɗakin ƙarƙashin coci ne, na tsaya a waje cikin sanyi kusan rabin awa ina ta saƙe-saƙe. Daga baya na gane hayar ɗakin kawai suke yi. Kujeru ne, da gahawa, da mutum kamar ashirin. Kowa ya faɗi sunansa na farko, ya ce shi mashayi ne, ya ba da labarinsa, ba mai katse shi, ba mai yi masa wa'azi. Aka zaga da kwando, mai dala ɗaya ya saka, marar ita ya miƙa gaba. Ban ce uffan ba ranar. Wani dattijo ya damƙa mini ɗan kwabon da suke ba wanda ya kwana ɗaya bai sha ba, da lambar wayarsa, ya ce in kira shi kafin in sha, ko ƙarfe nawa ne.

Batun addini shi ne na fi daɗewa ina juyawa a raina, na kuma san shi zai fi damun 'yan'uwa. Mutum biyu ne suka kafa AA a 1935 a garin Akron na jihar Ohio, Bill Wilson da Dakta Bob Smith, kuma tsarinta matakai 12 ne da suke ambaton Ubangiji gwargwadon yadda kowa ya fahimce shi. A wurina Allah ne, ba wanda ya taɓa neman in sauya. Wasu tarukan suna rufewa da addu'ar Kirista; sai in yi shiru in yi istigfari a zuciyata. Wanda hakan bai kwanta masa ba, akwai Millati Islami, wadda Musulmi suka kafa a Baltimore a 1989, matakan nan 12 ne aka daidaita su da Musulunci. Na fi samunsu ta intanet, ina haɗa biyun.

Gargaɗi ɗaya, kuma ina roƙo a ɗauke shi da muhimmanci: taron ba asibiti ba ne. Wanda ya daɗe yana sha kullum, in ya tsaya farat ɗaya, jiki na iya ɗaukar rawa da zufa da gane-gane, har farfaɗiya, a kwana biyu zuwa uku na farko, kuma tana iya kaiwa ga mutuwa. A fara da likita.

A wata na uku na koma na sha. Kwana tara kunya ta hana ni fita. Da na koma taron, dattijon nan ya matsa mini kujera ya ce sannu da dawowa, bai ƙara komai ba. Na tuna sahabin da aka yi ta kawowa gaban Annabi (SAW) saboda giya, wani ya la'ance shi, Annabi ya hana, ya ce yana son Allah da Manzonsa.

Yau wata goma sha huɗu ke nan ban sha ba. Watan jiya na yi tafiya birnin Columbus na jihar Ohio wajen ƙanena, tun a tashar mota na buɗe manhajar, na samu taro na ƙarfe shida na yamma, tafiyar minti goma da ƙafa daga gidansa.