Kujerar yara ta mota: sharhi bayan wata tara ana amfani da ita tsakanin Gombe da Bauchi

Kujerar da nake magana a kanta ita ce irin wadda ke ɗaukar yaro tun daga haihuwa har ya kai kilo 18, wato wajen shekara huɗu. Sabuwa na saya a wani shagon kayan jarirai a nan Gombe, kuma da bel ɗin mota ake ɗaure ta, ba ta da ƙarafunan nan na ISOFIX, masu maƙale kujera kai tsaye a jikin mota. Wata tara ke nan tana bayan Corolla, kullum cikin gari, sannan zuwa Bauchi da dawowa a kai a kai. Ta ci kuɗinta. Sai dai in ba a ɗaure ta daidai ba, da ita da babu duk ɗaya, kuma nan ne yawancin masu ita ke yin kuskure.

Na san abin da akan ce a gidajenmu: ai uwarsa na rungume da shi, me ya fi hannun uwa? Wajen ƙauna babu. Amma motar da ke gudun kilomita 50 a awa in ta daki abu ta tsaya cak, duk abin da ke cikinta da wannan gudun zai ci gaba da tafiya, tamkar faɗowa daga bene mai tsawon mita 10. A wannan ƙiftawar ido, yaro mai kilo 10 zai fizgi hannun da ke riƙe da shi da ƙarfin da kan kai kilo 300, buhun siminti shida ke nan. Babu uwar da za ta iya riƙewa. Mafi muni shi ne a ɗora yaro a cinya a zagaya bel ɗaya a kansu su biyu, domin nauyin babba ne zai matse ƙarami a jikin bel ɗin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kujerar yara na rage mutuwar jarirai a hatsarin mota da kashi 71 cikin ɗari. Kuma 50 ɗin nan gudun cikin gari ne. Tsakanin Bara da Alkaleri, inda shanu ke tsallakowa ba sallama, ga tireloli, ga ramukan da damina ke bari, wa ke tafiya a 50?

Kafin a biya kuɗi a juya kujerar a nemi tambari. Wannan tana da takarda ruwan lemo a bayanta, da harafin E cikin da'ira, da rubutun ECE R44/04, da nauyin yaron da aka yi ta dominsa. Shaida ce cewa an gwada irinta a karon gwaji. Sababbin fitowa R129 ne a jikinsu, da tsawon yaro suke aiki, kuma gwajinsu ya haɗa da bugu ta gefe. Tun Satumbar 2024 su kaɗai ake sayarwa sababbi a Tarayyar Turai. In aljihu ya kai, su suka fi. Na Amurka FMVSS 213 ake rubutawa. 'Yar katifar nan mai igiyoyi da ake tallatawa a intanet, wadda ake ratayawa a jikin kujerar mota, ba ta cikin lissafi ko kaɗan.

Ɗaurin ne ya fi ba da wahala, kuma littafin da ya zo da ita bai taimaka sosai ba, hotuna ne ƙanana. A jikin kujerar akwai hanyar bel kala biyu: shuɗiya ta lokacin da yaro ke kallon baya, ja ta lokacin da aka juyo da shi gaba. Jariri baya yake kallo, saboda kansa ya fi ƙarfin wuyansa, kuma in aka yi karo bayan kujerar ne ke tare kai da wuya da gadon baya gaba ɗaya. Wannan ta yarda da kallon baya har kilo 13. Kada a yi gaggawar juyo shi don ƙafafunsa sun taɓa majinginar mota, tanƙwashe ƙafa ba ya cutar da yaro. A bari sai nauyin ya cika, ko kansa ya kusa zarce saman kujerar.

A zaro bel, a bi da shi ta alamun shuɗi ba tare da ya murɗe ba, a maƙala shi har a ji ƙas. Sai a danne kujerar da ƙarfi cikin katifar mota, a ja ragowar bel ɗin sama, a rufe maƙallin gefe da ke cije shi. Kujerun Amurka da ba su da wannan maƙallin da bel ɗin motar suke dogara: a motocin da aka shigo da su daga can, in ka ja bel ɗin baya har ƙarshe ka sake shi a hankali, za ka ji yana ƙar-ƙar yana komawa, ya kulle ke nan. Bayan an gama, a kama kujerar daidai inda bel ya ratsa a girgiza. In ta motsa fiye da santimita biyu da rabi, a kwance a sake. Abin da ban taɓa tsammani ba shi ne na zaune a gefe, yayan yaron ko baƙo, ya zo sauka ya danna jan maɓallin da ba nasa ba. Kujerar na nan zaune kamar ba abin da ya faru, alhali a kwance take. Don haka duk shiga mota sai an kai hannu an taɓa.

Gaban mota kuwa ba wurinta ba ne. Jakar iska in ta fashe a bayan kujerar da ke kallon baya, kan jaririn za ta daka. Jami'an kiyaye haɗurra ma abin da suke faɗa ke nan, yaron da bai kai shekara 12 ba a baya yake zama.

Igiyoyin da ke riƙe yaron wuri biyar suke kamawa: kafaɗu biyu, ƙugu biyu, da tsakanin cinyoyi. In yana kallon baya, su fito daidai kafaɗa ko ƙasa kaɗan. In gaba yake kallo, daidai kafaɗa ko sama kaɗan. A ja har sai ka kasa tsunkuno igiyar da yatsu biyu a kan kafaɗarsa. Iyaye mata kan ga kamar an takura shi, su sassauta, kuma tausayin nan ne ke sa yaro ya zame ta sama. Da hunturu a cire masa rigar sanyi mai kauri kafin a ɗaure, domin audugar na lotsewa a lokacin karo ta bar fili. A ɗaure shi da riga marar kauri sannan a lulluɓa bargo ta sama. Haka ma rigunan Sallah masu buɗewa na 'yan mata.

Inda ta gaza, na farko zafi. Rigarta baƙa ce mai kauri, kuma a watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Gombe ke kai maki 40, bayan yaro kan jiƙe sharkaf kafin a fita gari. Ƙarfen maƙallin igiyoyin in ya sha rana yana ƙona cinya. Farin tawul da ake rufe ta da shi in an ajiye mota ya rage wannan, amma a cire shi kafin a zaunar da yaro. Kada a bar yaro a cikin mota a rufe ko na shiga shago ne a fito, ko da barci yake. Na biyu, ko an kwantar da ita iya kwanciyarta, a kujerar Corolla ta ɗan miƙe da yawa ga jariri sabon haihuwa, wanda ke bukatar kishingiɗa ta kusan digiri 45. In ta miƙe, kansa kan rinjayo kan ƙirji ya takura numfashi. Ga watannin farko na fi son irin mai kama da kwando mai mariƙi. Na uku, cin wuri. Ta cinye mazaunin mutum guda, ta kuma sa an tura kujerar gaba. Mai 'ya'ya biyar ya san cewa Corolla ba za ta ɗauke su kowa da ɗaurinsa ba, kujera ko babu kujera.

Kuka akwai shi a makonnin farko, daga baya yaro ya saba har ya riƙa barci a ciki. Abin da ba a yi shi ne ciro shi don shayarwa mota na tafiya. Gombe zuwa Bauchi wajen kilomita 150 ne, tsayawa ɗaya a Alkaleri ta isa a ba shi nono, a sake masa kunzugu, ya miƙe jiki. A doguwar tafiya kada jariri ya wuce awa biyu a ciki ba a fito da shi ba.

Ƙurar hunturu da kunun da ya zube kan taru a cikin maƙallin igiyoyin har ya daina yin ƙas. Ruwan ɗumi zalla ake wanke shi da shi, ba a ɗiga masa mai. Igiyoyin kuma gogewa ake yi da jiƙaƙƙen tsumma, ba a jiƙa su cikin omo ko bilic, yana raunana zaren.

Ta hannu ta fi araha, amma a duba ranar ƙira a jikinta, domin masu yin su kan ba su wa'adin shekara 6 zuwa 10, robar na bushewa, balle a ranarmu. Wadda ta taɓa shiga hatsari ta gama aiki ko da ido bai ga tsaga ba, kuma mai sayarwa a kasuwa shi ma bai san tarihinta ba. Daga hannun ɗan'uwa da ka sani ya fi. In yaro ya wuce kilo 18, sai a koma matashin ɗagawa na kilo 15 zuwa 36, gara mai majingina, har tsawonsa ya kai aƙalla santimita 135, lokacin da bel ɗin mota zai bi ta tsakiyar kafaɗa da kan cinya, ba ta wuya da ciki ba.