Awa ɗaya a ofishin wani lauya a Gusau

Ƙanena ya samu aikin jinya a Ingila, yana da mata biyu, kuma wani dillalin biza ya ba shi shawarar ya kai amaryarsa a yi musu auren rajista domin takardunsu su yi ƙarfi. Kafin ya aikata, na ja shi zuwa ofishin wani lauya a Tudun Wada.

Laifin wurin a bakin ƙofa yake. An ce mu zo ƙarfe goma, amma ba mu ga Barista ba sai bayan azahar, muna zaune a kan benci, babu wuta, fanka a tsaye, magatakarda kuma bai ba mu rasit ba sai da na nema sau biyu.

Da muka shiga kuwa, haushina ya gushe. Ya sa tabarau, ya duba takardun shaidar auren biyu, sannan ya ce wa ƙanena, "Malam, dillalin nan zai jefa ka cikin rami." Ya bayyana cewa auren rajista a dokar Najeriya na mace ɗaya ne, mai mata a gida ba ya yin sa, kuma tun 1988 Ingila ba ta barin mace ta biyu ta shiga a matsayin matar aure muddin ɗayar tana can, ko da ƙasar ta yarda cewa auren ya ɗauru a inda aka ɗaura shi.

Na tambaye shi, cikin takaici, yadda ƙasar da ta halatta auren jinsi a 2014 za ta rufe wa amarya ƙofa. Bai yi mini wa'azi ba, doka ya karanta mini. Ya ce lauyoyin can suna kafa hujja da cewa gādo, fansho da saki duk an gina su a kan mutum biyu, amma ko a Amurka, lokacin hukuncin Kotun Ƙoli na 2015 da ya halatta auren jinsi, Alƙalin Alƙalai John Roberts ya yi nuni da cewa hujjar da aka bi za ta iya shafar masu mata fiye da ɗaya. Afirka ta Kudu ta amince da duka biyun, auren mace fiye da ɗaya a 1998 da auren jinsi a 2006, mu kuwa a nan dokar da Shugaba Jonathan ya sa wa hannu a 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga auren jinsi.

Wanda ke da irin matsalarmu ya je, amma ya riƙe takardunsa na asali, ya kuma ci abinci tun daga gida. Wacce za ta bi ƙanena cikin matan biyu, Barista ya ce wannan ba aikin lauya ba ne.