Katakon da ba a shafa wa fenti

Jama'ar Zazzau ina gaisuwa, musamman iyayenmu kafintoci na Sabon Gari da Tudun Wada. Teburin cin abinci nake so a haɗa mini a nan Kanada, shi ya kai ni wani shagon katako a bayan garin Toronto. Mai shagon ya jawo wani falle fari fat. Ban ga abin kallo a jikinsa ba sai da ya goga masa jiƙaƙƙen tsumma. Wallahi nan take zane ya taso layi-layi, yana walƙiya kamar sabuwar shadda, in ka karkata shi zanen ya gudu wani gefe. Na shafa, sumul, ba tudu ba kwari.

Mapul ne, itacen da ganyensa ke jikin tutar ƙasar tun 1965. Yawancinsa ba shi da zane, jefi-jefi ake dacewa da bishiyar da jijiyoyinta suka lanƙwashe tun tana girma. Akwai mai layi, akwai mai ɗige-ɗige da suke kira idon tsuntsu. Mai layin da shi ake yi wa gogen Turawa baya tun zamanin Stradivari, shahararren mai haɗa goge a Italiya, da fuskar jita mai tsada. Marar zanen kuwa, saboda taurinsa, shi ake shimfiɗawa a filin ƙwallon kwando.

Kuɗinsa sai a hankali. Ba tayi, ba albarka, abin da aka rubuta shi za ka biya, haraji kuma ya hau kai. Ga wuyar sha'ani: in bakin injin gogewa ya dakushe sai ya yayyage zanen, zarto in ya yi nawa ya bar masa tabon ƙuna. Kuɗin aikin ma ya fi na katakon. Ranar na yi kewar kafintan unguwarmu, wanda za ku gaisa, ya tambayi iyali, ya gyara maka kujera ya ce kawo abin da ya sauwaƙa.

Amma abin da ya tsaya mini a rai wata 'yar na'ura ce da mai shagon ya ɗora a kan fallen, ta nuna danshinsa. Sai an busar da katako a ɗakin zafi, danshi ya sauko kashi 6 zuwa 8 cikin ɗari, kafin a sayar wa mai kayan ɗaki. Mu fa? Ɗanye sharaf ake saye a 'yan katako, a buga ƙusa, a lafta fenti. Hunturu na kamawa gadon amarya ya tsage, ƙofa ta wage baki, a ce ai iska ce.

Kuma ba itace muka rasa ba. Maɗaci na nan, ƙirya na nan. Madobiyarmu ko kusa mapul bai fi ta kyau ba, amma gungume-gungume aka riƙa lodinta zuwa Sin, ragowar muna ƙonawa gawayi. Don Allah masu gida, ku samu rumfa ku jera katako da tsinke a tsakani ya sha iska ko da wata shida ne, ku goge shi da kyau, ku shafa masa mai kawai, ku ga ko mai saye ba zai ƙara kuɗi ba.