Sharhi kan shirin koyar da Turanci na sa-kai a Yangshuo, ƙasar Sin

Na yi zangon karatu guda ina koyar da Turanci a matsayin ɗan sa-kai a wata ƙaramar sakandare da ke gundumar Yangshuo, kusa da birnin Guilin a yankin Guangxi na kudancin ƙasar Sin. Wata ƙungiya mai haɗa 'yan sa-kai da makarantu ce ta shirya tafiyar. Ta yi alkawarin masauki da abinci da darasin Sinanci kowane mako, ni kuma na biya kuɗin rajista da na jirgi. Waɗannan duk ta cika su, har ma jami'arta ta raka ni ofishin 'yan sanda na yi rajistar wurin zama, abin da doka ta wajabta wa baƙo cikin awa 24 idan ba a otal ya sauka ba.

Inda ta gaza shi ne shirya malami don shiga aji. Tallarta cike take da hotunan kogin Li da duwatsun da aka zana a bayan takardar kuɗin Sin ta yuan 20, amma babu wanda ya bayyana mana irin ɗaliban da za mu tarar. Yaran suna fara Turanci tun aji uku na firamare, sun haddace kalmomi da ƙa'idojin nahawu sosai, domin jarrabawa ce ke gabansu: ta zhongkao kafin babbar sakandare, sannan gaokao ta shiga jami'a, wadda a yawancin larduna Turanci ke da maki 150 cikin 750 nata. Sai dai idan ka yi tambaya a ajin da ya kusa kai mutum hamsin, shiru za ka ji, ba don rashin sani ba, sai don tsoron yin kuskure a gaban 'yan'uwa. Malamar Turanci ta makarantar ce ta nuna mini dabara: a raba su biyu-biyu su yi magana a tsakaninsu, kuma kada a gyara wa yaro kuskure a bainar jama'a. Da na bi shawararta, ajin ya kaure da surutu, har yarinyar da ba ta taɓa ɗaga kai ba ta fara tare ni a ƙofa tana tambayata yadda ake azumi a Kano. Wannan ne abin da ya fi faranta mini rai a duk zamana.

Da sassafe ake fara karatun baki a tare, darasi minti 45 ne, ana dakatawa don motsa jikin ido, bayan abincin rana kuma makaranta ta yi tsit saboda barcin rana. Yamma ta malami ce, amma shirya darasin gobe yakan cinye rabinta.

Musulmi ya kamata ya san cewa naman alade ba ya yankewa a kicin ɗin makaranta, kuma ƙungiyar ba ta yi tanadin komai a kai ba duk da na rubuta a fom. Shagunan taliyar birnin Lanzhou na Musulmin ƙabilar Hui ne suka rufa mini asiri, Juma'a kuwa sai na tafi Guilin. Haka kuma WhatsApp da Google ba sa aiki, manhajar WeChat ta ƙasar Sin ce komai, daga saƙon shugaban makaranta har biyan kuɗin shayi.

Akwai iyayen da suka nuna shakku da ganin malamin Turanci baƙar fata, wannan kuwa ya sosa mini rai, amma hukumar makarantar ta tsaya mini tsayin daka. Ina ba da shawarar shirin ga wanda ya taɓa riƙe alli, da sharaɗin ya nemi a rubuta masa irin bizar da za a ba shi, da yawan darussansa a mako, da yadda za a yi da abincinsa, kafin ya biya ko sisi.