Abincin Faransa: abin da ke cikin tukunya da abin da ake kora shi da shi

'Yan'uwa masu shirin zuwa Faransa, ku sani cewa a nan giyar inabi ba a kofi kaɗai take ba, har cikin tukunya take shiga. Boeuf bourguignon naman sa ne da aka dafa a jar giya, da guntayen naman alade da suke kira lardons. Haka coq au vin, sai dai shi da kaza. Cassoulet na Tuluz farin wake ne da agwagwa da tsiren alade. Quiche lorraine, wato gashin ƙwai da madara a cikin ɓawon fulawa, ita ma da lardons ake yin ta. Sunan da ke kan takarda ba ya faɗin wannan, sai ka tambayi mai kawo abinci. Ratatouille kuwa ganye ne zalla: yalo, tattasai, tumatir, albasa da man zaitun.

Ƙa'idarsu ta haɗa abinci da abin sha tana da dalili. Jar giya tana da bauri, baurin ne ke yanke maiƙon jan nama. Fara kuma tsami gare ta, shi ya sa suke ba ta kifi. Zoɓo mara sukari yana yin aikin ta farko, ruwa mai gas da lemun tsami yana yin na biyun. Zoɓon yana nan a shagunan unguwar Château Rouge a Paris da sunan bissap, kusa da mahautan halal.

Ga yadda ake yin bourguignon ba giya. A nemi paleron wurin mahauci, wato naman kafaɗa, kilo 1, a yanka manya-manya. A tsane shi da tsumma, a soya kaɗan-kaɗan har ya yi ja. In aka zuba shi duka lokaci guda, ruwa zai fito, ya dahu maimakon ya soyu, miyar ta fita salam. Sai albasa 2, karas 3, tafarnuwa, fulawa cokali 2. A zuba ruwan jan inabi kofi 1, romo kofi 2, ruwan kal cokali 2. Kar a cika ruwan inabin, zaƙinsa yana ƙaruwa yayin da miya ke ƙonewa. A rufe, wuta ƙasa-ƙasa, awa 3. Wuta mai ƙarfi tana busar da naman.

Gidan abinci a nan ba kamar na Zinder ko Kano ba ne da za ka shiga ko yaushe. Da yawa suna ba da na rana daga 12 zuwa 2, na dare daga 7. Ruwan famfo kyauta ne in ka ce carafe d'eau, burodi ma haka, kuma ladan mai hidima yana cikin farashi. Gasasshen nama kuwa, in ba ka ce bien cuit ba, da sauran ja a cikinsa zai zo, barkono kuma sai dai ka riƙo yajinka.