Mayar da hoto da'ira: Photoshop ko Canva?

Wata 'yar'uwa daga unguwar Zariya ta ce tana son hoton tambarin man gyaɗarta ya koma da'ira don ta buga sitika a jikin kwalba. Ta gwada a waya, amma fararen kusurwoyi sun ƙi fita. Tana tambaya: ta ci gaba da Canva ko ta nemi mai Photoshop?

Hajiya, babu fayil ɗin hoto mai zagaye. Kowane hoto kusurwa huɗu gare shi. Abin da ake yi shi ne a bar kusurwoyin wayam, a ajiye shi a tsarin da ke riƙe wayam ɗin. PNG yana riƙewa, JPEG ba ya riƙewa, cike gurbin yake yi da launi, galibi fari. Kuma da'ira na cinye kusan kashi 21 cikin ɗari na murabba'in, don haka duk rubutun da ke kusurwa, kamar lambar waya, a matso da shi tsakiya tun kafin a yanke.

A Photoshop, mu bi sunayen Faransanci tunda su ne a galibin kwamfutocin nan Maradi. Ki buɗe hoton, ki danna ɗan kwaɗon da ke kan Arrière-plan don ya zama calque, wato shimfiɗar hoto, na yau da kullum. Wannan kwaɗon ne ke ka da mutane da yawa: muddin yana nan, duk abin da aka goge launi ne zai maye gurbinsa. Ki ɗauki Ellipse de sélection, ki fara ja daga tsakiyar hoton, sannan ki danne Shift da Alt tare. Shift ke hana da'irar zama kamar ƙwai, Alt ke sa ta buɗe daga tsakiya. In ta karkace, ki danne dogon maɓallin tazara ki tura ta, ba tare da kin saki linzamin ba. Contour progressif ya tsaya a 0, in ba haka ba gefen zai yi hazo. Lissage kuwa a bar shi kunne don kada gefen ya fito kamar haƙoran zarto.

Daga nan wasu kan juya zaɓin su danna Suppr, maɓallin gogewa. Ba mu ba da wannan shawara. Ki danna Masque de fusion a ƙasan jerin calque: yana ɓoye kusurwoyin ne kawai, gobe in kin so faɗaɗa da'irar hoton yana nan cikakke. Idan kin ga 'yan murabba'ai fari da ruwan toka a kusurwa, aiki ya yi. Image, Rognage zai cire ragowar fili, sai Exporter sous, PNG, da alamar Transparence.

Canva ya fi sauri nesa ba kusa ba. Ki buɗe shafi murabba'i, ki shiga Éléments, ki nemi Cadres, ki zaɓi mai da'ira, ki ja hoton ki jefa ciki. Taɓawa biyu a jere zai ba ki damar gyara zamansa. Ba Shift, ba kwaɗo, kuma da'irar ba ta taɓa karkacewa. Cikas ɗin yana wajen saukewa: PNG mai wayam na masu biyan Canva Pro ne. Na kyauta zai sauko da launin shafin a kusurwoyi, kuma mai yiwuwa abin da ya same ki ke nan. Ga shi kuma yana son intanet mai kyau.

To amma a duba ko wayam ɗin ma ana bukatarsa. Sitikar da za a buga a farar takarda a yanke da inji ko almakashi, fararen kusurwoyinta shara za su tafi. Abin da ya fi damun mai bugawa shi ne girma. Sitika mai faɗin santimita 5 tana son fiksel 590 in za a buga da 300 a kowane inci. A ƙara milimita 3 a kowane gefe don kada yanka ya bar farin layi, ya zama santimita 5.6, wato fiksel 661 ko sama. Canva na kyauta ya isa wannan sarai. Hoton fuskar WhatsApp da Facebook ma ba ya son komai, su da kansu suke zagaye shi.

Inda wayam ɗin ya zama dole shi ne in za a ɗora tambarin a kan wani abu mai launi: riga, allon shago, bidiyo. In babu Photoshop ko Canva Pro, Photopea kyauta ne a intanet, tsarinsa kusan ɗaya ne da na Photoshop, yana kuma fitar da PNG mai wayam.

Wajen kai wa mai bugawa, kada ki tura shi a WhatsApp a matsayin hoto, domin zai matse shi, wayam ɗin ya ɓace, kaifin ya ragu. Ki tura shi ta Document, ko ki kai shi a kile USB.